Mahayin Dokin Nafoliyon: Daga David Zuwa Kehinde Wiley

A shekarar 1801 ne Jacques-Louis David ya zana Nafoliyon bisa ingarman doki, yana ƙetare duwatsun Alps. Amma tarihi ya tabbatar da cewa a kan alfadari ya yi wannan tafiya cikin watan Mayun 1800. Ke nan, tun asali zanen kirari ne, irin wanda maroƙi kan yi wa sarki.

A 2005, Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya sake zana shi. Dokin yana nan daram, ƙafafuwan gaba a sama, sai dai mahayin ya zama baƙar fata, sanye da kakin soja da takalman Timberland. Da aka jera zane-zanen biyu a gidan tarihi na Brooklyn a 2020, mai gaggawar hukunci zai ce kwaikwayo ne kawai. A ganinmu, kirarin ne Wiley ya ƙwace, ya miƙa wa mutumin da bai taɓa cin wani gari da yaƙi ba. A jikin duwatsun da ke ƙarƙashin kofaton dokin, David ya rubuta sunayen Bonaparte da Hannibal da Charlemagne. Wiley ya bar su, ya ƙara na huɗu: Williams.