Maƙera da Sana'ar Gyara a Ƙasar Jega

Littattafan da malaman jihadi suka bari cike su ke da labarin yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna, amma ba su cika tsayawa a kan wanda ya ƙera mashin da aka yi yaƙin da shi ba, balle mai ƙera hauyar da ta ciyad da rundunar. Nufin wannan maƙala shi ne a duba tarihin ƙira a Jega da Aliero da Maiyama, garuruwa uku na ƙasar Gwandu, a nuna cewa gyara ne ya raya sana'ar nan har ta kawo yau, kuma kalmomin maƙera da kansu shaida ne a kan haka.

Asalin Jega yana komawa ga Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Gimbana. Harin da Sarkin Gobir Yunfa ya sa aka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, a ƙarƙashin Gwandu. Garin bai daɗe ba ya zama babbar kasuwa, domin yana kan hanyar fataken goro masu tahowa daga Gwanja zuwa Sakkwato da Kano. Inda duk ayari ya yada zango kuwa, maƙeri ya sami aiki: linzami ya karye, gatari ya dakushe, wuƙa ta rabu da ƙotarta. Bugu da ƙari, tun daga 1849 da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa, yaƙi ya riƙa ɓarkewa lokaci lokaci tsakanin Argungu da Gwandu har Turawa suka zo, saboda haka bukatar mashi da kan kibiya ba ta yanke ba.

Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera kayan noma da na yaƙi, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, watau zobba da mundaye da kayan adon doki. Sana'ar gado ce. Yaro ya kan fara da zuga, ya daɗe a kan zugazugi kafin a ba shi masaba ya daki ƙarfe bisa uwar maƙera. Suna da Sarkin Maƙera, suna da kiɗansu na dundufa, suna kuma yin wasan wuta a lokacin bukukuwa.

Babban abin lura shi ne tsadar ƙarfe a zamanin da. Narka tama tsohon ilmi ne a ƙasar nan, an sami alamunsa a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7, amma aiki ne mai wuya ƙwarai. Da rani a ke yinsa. Sai an haƙo tama, an sare ƙirya an ƙona gawayi, an gina matoya ta yumɓu, an kwana ana ba ta wuta, sa'an nan a sami dunƙulen da za a farfasa a tace. Ƙarfen da aka sha wannan wahala kansa ba a yar da shi. Hauya in ta cinye, sai a mai da ita maƙera a yi mata ƙari. In ta ƙi ƙari a juya ta lauje, lauje ya koma wuƙa, wuƙa ta ƙare a basilla. Watau gyara ba ƙaramin reshe ba ne na ƙira, shi ne rabinta tun fil azal.

Harshe ya adana wannan tarihi hawa hawa. Kalmomin gindin sana'ar, irin su ƙira da zuga da tama da ƙarfe, wanda mutanen yamma ke ce wa ƙarhe, sun daɗe a bakin Hausawa. Hawa na biyu ya zo ne ta hamada: takobi da azurfa suna da 'yan'uwa a harshen Buzaye, linzami da likkafa da tasa da zinariya kuwa daga Larabci su ke. Hawa na uku na Ingilishi ne: walda, makanike, gareji, injin. Duk wanda ya jera kalmomin nan ya jera zamunan sana'ar.

Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris 1903, ƙira ta shiga wani hali. Yaƙi ya ƙare, kasuwar makamai ta mutu. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma ko da ya ke ba ta zo Jega ba, ƙarfen Turai ya iso a bayan jakai, daga baya a cikin motoci. Guntun dogo da bakan mota da tsohuwar gangar mai sun fi tama araha nesa, sai narka tama ya yi ta ja da baya. Cikin shekarun 1960, Nicole Echard, Bafaranshiya mai binciken al'adu, ta sami dattawan da suka san aikin a ƙasar Adar, har aka ɗauke shi a majigi, amma a lokacin ma ya kusa ƙarewa. Maƙeran fari su ma abin ya shafe su, domin da su kan narka riyal mai hoton Mariya Tiriza da sulallan azurfa, sai ga shi a 1920 an sake sulen Afirka ta Yamma, aka daina yinsa da azurfa.

Duk da haka maƙera ba su rufe ba, domin sun riga sun gaji dabarar mai da tsoho sabo. Garmar shanu da aka fara yaɗawa a Arewa a ƙarshen shekarun 1920 tana bukatar sabon baki lokaci lokaci. Gwangwani ya zama fitilar a-ci-bal-bal, tsohon alminiyam ya zama tukunya. A Aliero, wadda ta shahara da albasa, noman rani ya dogara ga injin ban ruwa, musamman tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990, injin kuwa sai da mai gyara. Maiyama tana kan babbar hanyar Jega zuwa Yawuri, inda mai walda ya gaji matsayin maƙerin zango.

A Turai da Amurka hanya dabam aka bi. Masana'antu sun kashe maƙerin ƙauye, sai masu sha'awa suka farfaɗo da ƙira a ɗakunan bayan gida, suna gyara tsofaffin kayan aiki a lokacin hutu. An kafa ƙungiyar maƙera irin wannan a Amurka a 1973, ta Ingila a 1978. Abin da su ke nema a littattafai, maƙerin Jega a hannun ubansa ya same shi.

To, amma gado ma ya kan salwanta. Hannu ya tsira, domin yana da abin gyarawa, harshen tama kuwa ba shi da mai riƙe shi, tun da an bar aikin. Sunayen sassan matoya, da kirarin maƙera, da al'adun fita tama, suna bakin dattawa ƙalilan. Philip Jaggar ya rubuta na maƙeran birnin Kano, littafinsa ya fito a 1994. Ƙasar Gwandu ta cancanci irin wannan aiki, ga kuma jami'a a Aliero tun 2006. Malamin kwalejin horon malamai da ya tura ɗalibansa maƙerar garinsu da takarda da alƙalami, su rubuta kowace kalma yadda mai ita ya furta ta, ya yi wa tarihi da nazarin harshe hidima a lokaci guda.