Samun moto da bashi ga wanda bai taɓa cin bashin banki ba

A Maraɗi ko Damagaram, moto jari ce. Da ita ɗan kabu-kabu ke ciyar da gida, da ita ƙaramin ɗan kasuwa ke bin kasuwannin ƙauye. Sai dai yawancin masu son ta ba su da albashin wata, ba su taɓa buɗe asusu a banki ba, kuma babu wata takarda da ke shaidar cewa sun taɓa cin bashi suka biya.

Wannan shaida ita ake kira tarihin bashi. A ƙasashe takwas na UEMOA, har da Nijar, akwai ofishin da ke tattara ta, wato BIC, wanda ya fara aiki a 2016 bisa izinin babban banki BCEAO. Bankuna da manyan asusan bada rance suna aika masa bayanin wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Wanda ba a samu sunansa ba, ba ya da laifin komai, ba a dai san shi ba. Saboda haka mai bada bashi zai nemi abin da zai maye gurbin wannan sani.

Ga ma'aikaci abin da sauƙi: albashinsa na ratsawa ta banki, ana cire kason wata tun kafin kuɗin su shiga hannunsa. Ga wanda ba ya da albashi, ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta ƙananan asusan ajiya da rance, waɗanda hukumar ARSM ke sa wa ido. Kafin a zuba ko dala, ya kamata a tabbatar asusun yana da izinin hukuma. Galibi mutum zai buɗe asusu da katin ɗan ƙasa, ya yi ƴan watanni yana ajiya, sannan ya kawo wani kaso na kuɗin moton daga aljihunsa. Ajiyar jika biyar duk mako ba fashi ta fi ajiyar jika ɗari rana guda daraja a idon ma'aikacin rance, domin abin da yake aunawa shi ne ko mutum na iya biya a kai a kai. Wanda ke cikin adashi ko ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta soma a Maraɗi a 1991, zai iya nuna littafin zubinsa.

Sai batun mai tsayawa, inda zumunci ya fi lalacewa. A dokar OHADA da Nijar ke aiki da ita, tsaya wa mutum ba shaidar halin kirki ba ce kawai: in mai bashi ya kasa, mai tsayawa ake bi. Doka ta ce sai ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da lambobi, in kuwa bai iya rubutu ba sai shaidu biyu sun tabbatar an bayyana masa abin da ya shiga. Kawun da aka ce masa "sa hannu kawai za ka yi" ya kamata ya nemi a karanta masa takardar da Hausa.

Kuɗin ruwa suna da iyaka. Daga 1 ga Janairun 2014 an sauko da ita daga 18 zuwa 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan asusai, kuma a lissafin da ake kira TEG ana haɗawa da kuɗin takardu. Amma yadda ake lissafi na iya ɓoye tsada. Misali, bashin jika 400 na wata 12 a kan 2 cikin 100 kowane wata: in ana lissafi a kan abin da ya rage bayan kowane biya, ruwan zai kama wajen jika 52. In kuwa ana yin sa a kan jika 400 ɗin tun daga farko har ƙarshe, zai kai jika 96, wato ya haura 40 cikin 100 a shekara. Adadi ɗaya aka faɗa a baki, amma tsadar kusan ninki biyu ce. Tambayar da ta dace ita ce: nawa ne jimillar da za a biya? Wanda ke gudun riba kuma yana iya neman murabaha, irin wadda Bankin Musulunci na Nijar ke yi, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum a farashin da aka yanke tun farko.

Hanyar da matasa suka fi bi ba ta ratsa ko wane ofishi. Wani mai hali ya sayi Kasea ko Haojue, ya ba yaro, yaro na kawo kuɗi kullum har su cika abin da aka shirya, sannan moto ta zama tasa. Ba a tambayar tarihi, shi ya sa take da farin jini. Amma takardun moton na hannun mai ita, jimillar takan zarce farashin kasuwa nesa, kuma ko an biya cif babu inda za a rubuta sunan yaron ya amfane shi gobe. In dole sai ita, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: jimilla, ranakun hutu, wa ke gyara, me zai faru in an yi rashin lafiya ko an sace moto, da makomar abin da aka riga aka zuba in ciniki ya watse.

Lissafin kuma ya haɗa da takardar duwan, takardar mallakar moto, inshora da lasisin tuƙi. A duba har inda za a yi aiki da ita: a jihar Diffa a 2015 da wasu sassan Tillaberi a 2020 dokar ta-ɓaci ta hana zirga-zirgar moto, alhali wa'adin biyan bashi bai tsaya ba.