Wa Ke Sa Ido a kan Mai Kula? Tarihin Kula da Naƙasassu a Ƙasar Zamfara

Tambayar da ke gabanmu ita ce: in an damƙa wa wani amanar makaho ko gurgu ko kuturu, wa zai bincike shi in ya ci amanar?

Tsarin da Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka gada shi ne na sauran ƙasar Hausa. Nauyin naƙasasshe yana wuyan danginsa, sa'an nan zakka da sadaka su cike giɓi. Bayan haka, a manyan garuruwa akan naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu daga cikin su kansu. Shi ke sauke baƙonsu, ya raba gardamarsu, ya kai kukansu fada. Tsarin yana da aibi, domin ya jingina rayuwarsu ga bara. Amma ya ba su baki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zuwan Turawa ya sauya wannan. Garuruwan nan uku suna Lardin Sakkwato a lokacin, kuma zangon kutare na lardin yana Amanawa, kusa da Sakkwato. Tun daga shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka riƙe shi bisa yarjejeniya da En'e, kamar yadda suka riƙe na Yadakunya a Kano da na Babbar Ruga a Katsina. An samu magani, amma an raba majiyyaci da danginsa. Masu duba aikin, watau jami'an mulki da na En'e, sama suke kai rahoto, ba wurin majiyyaci ba. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a farkon shekarun 1980, sai aka koma yi wa mai kuturta magani yana zaune a garinsu.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kafa Hukumar Zakka da Wakafi bayan ƙaddamar da shari'a, watau sadaka ta koma aikin ofis. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da naƙasa. A 2019 kuma 'yan sanda suka tarar da mutane ɗaure da mari a wasu gidajen gyaran hali na Kaduna da Katsina. Darasin a fili yake: kulawar da ba a leƙa ta, takan rikiɗe ta zama zalunci.

Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an kai ta.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, duk kwamitin da zai raba zakka a Bunguɗu, ko ya duba makaranta a Tsafe, ko ya amince da sabon gini a Gusau, lalle a sami naƙasasshe a cikinsa, mai ikon cewa a'a. Kakanninmu sun ba shi sarauta. Kada mu bar shi da tausayi kawai.