Daga Girgiza Waya Zuwa Yatsu Uku

Ka taɓa rubuta dogon saƙo, yatsa ya zame ya goge shi kaf? A kwamfuta da sauƙi, ka danna Ctrl da Z rubutu ya dawo. Wayar da ake shafa fuskarta kuwa ba ta da waɗannan maɓallan.

A 2009 kamfanin Apple ya kawo mafita a iPhone: ka girgiza wayar, ta tambaye ka ko a maido abin da ka goge. Dabarar ta yi aiki, amma wa zai tsaya cikin mutane yana jijjiga waya, balle faffaɗar iPad? Sai a 2019, da fitowar iOS 13, aka ƙara wata hanya: ka ja yatsu uku zuwa hagu. Girgizar ma tana nan. Gwada yau, tun kafin ranar buƙata.