Bagaruwa a Ƙasar Zamfara: Tarihin Jima da Magani

Wanda ya bi kwarin gulbin Sakkwato daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, ta ƙauyuka irin su Ruwan Gizo, zai riƙa cin karo da wani itace mai ƙaya da furanni ruwan ɗorawa, wato bagaruwa, wadda wasu ke kira gabaruwa. Masana tsirrai sun daɗe suna kiranta Acacia nilotica, a yanzu kuwa Vachellia nilotica. Tana son ƙasar laka wadda ambaliya ke kwanciya a kanta, shi ya sa fadama ta zama gidanta.

Darajar bagaruwa tana cikin baurin 'ya'yanta, kuma majema ne suka fi kowa saninsa. Sukan daka kwanson, su jiƙa shi, su tsoma fatar da aka riga aka cire wa gashi, har ta jemu ta daina ruɓa. Da haka aka jeme fatun jajayen awaki na ƙasar Sakkwato, aka rina su da karan dafi, fatake suka kai su Kano, ayarin raƙuma kuma ya ƙetara da su Sahara zuwa Gadamus da Tarabulus. Da yake ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka isa Turai, sai Turawa suka laƙaba musu suna "fatar Maroko". Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kuma kai Ƙaura Namoda a 1929, cinikin fata ya juya ya nufi Ikko.

Baurin da ke jeme fata shi ne kuma ke yin magani. Wanzamai kan barbaɗa garin bagaruwa a miki da kaciya, ungozoma kan dafa ta don mai jego ta zauna a ruwan, akan kurkure baki da ita saboda ciwon dasashi da maƙogwaro, akan kuma sha kaɗan don tsayar da zawo. Wannan sani tsoho ne ƙwarai, gama tun ƙarni na farko na Miladiyya likitan nan Bagirike, Diyoskoridis, ya bayyana amfanin wannan itace na ƙasar Masar. A nan gida kuwa, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma.

Binciken zamani ya bayyana dalilin abin. Baurin nan sinadari ne da ake kira tanin, wanda ke kama furotin ya ɗaure shi. A jikin fata yakan hana ruɓa, a kan miki kuwa yakan tsuke nama, ya rage zubar jini, ya takura ƙwayoyin cuta. Har ila yau tanin da danginsa suna tare wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin ƙwayoyin halittar jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Amma fa yawancin wannan gwaji a ɗakin bincike da jikin dabbobi aka yi shi. Yawan shan bagaruwa yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, kuma mai zawo, musamman yaro, ya fi bukatar ruwan gishiri da sukari.

Abubuwa biyu suka rage wa bagaruwa matsayi. Na farko, masana'antun jima na Kano sun koma ga gishirin kurom, wanda ya fi sauri. Na biyu, an kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Wajen baje filayen ban ruwa an tumɓuke itatuwa masu amfani, rikicin diyya kuma ya kai ga kashe manoma da dama a watan Afrilu na 1980. Daɗin daɗawa, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu.

Saboda haka aiki yana gaban ɗalibai da ma'aikata. Ɗalibin harhaɗa magunguna yana da bashin auna adadin da ya dace a sha, ta hanyar zama da wanzamai da ungozomomi tun suna raye. Malamin daji da na gona kuwa, alhakinsu ne su sa bagaruwa cikin itatuwan da ake renonsu a gandun dashe, a kuma ƙidaya ta cikin dukiyar manomi duk lokacin da gwamnati za ta karɓi gona.