Tsibin Ɓaraguzan Haƙar Kwal: Abin da Ke Sa Shi Zaftarewa

Duk inda ake haƙar kwal, ana fitar da duwatsu da yumɓu da ƙasar da ba a buƙata, a jibge su kusa da mahaƙar. A kwana a tashi, tarin yakan zama tsibi mai tsayin mita da dama. Tsayuwar gangarensa ta dogara ne da abu uku: yadda ya karkata, irin ƙasar da aka ɗora shi a kai, da yawan ruwan da ke cikinsa. A cikin ukun, ruwa ne ya fi jawo asara.

Busassun ɓaraguzai da aka zubo daga sama sukan tsaya da kansu a karkatar kimanin digiri 35, domin ƙwayoyinsu suna cije da juna. Idan ruwa ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakaninsu, matsinsa yakan sassauta wannan riƙo, nauyin tsibin kuma ya ƙaru. Daga nan gindinsa ya yi laushi, gangaren ya sulluɓe, wani lokaci ya narke ya malalo kamar kunu. Shi ya sa injiniyoyi suke auna ƙarfin da ke riƙe da gangare da wanda ke jan sa ƙasa, kuma yawanci sukan nemi na farko ya ninka na biyu sau 1.3 zuwa 1.5.

Misalin da ya fi shahara shi ne na ƙauyen Aberfan a yankin Wales na Birtaniya. An tara tsibi na bakwai na mahaƙar Merthyr Vale a gefen tsauni, a kan maɓuɓɓugan ruwa. Ranar Juma'a, 21 ga Oktoba, 1966, da misalin ƙarfe 9:15 na safe, bayan ruwan sama mai yawa, tsibin ya zaftare ya binne makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan hukumar kwal ta ƙasar, kuma a 1969 aka kafa dokar kula da irin waɗannan tsibi.

Hanyoyin kariya sanannu ne. Ana binciken ƙasa kafin a fara zuba, a kauce wa maɓuɓɓuga da hanyar ruwa. Ana zuba ɓaraguzai shimfiɗa-shimfiɗa a daddanne su, a yanka gangaren hawa-hawa, a gina magudanai a kewaye da ƙarƙashi, sannan a rufe da ƙasa a dasa ciyayi. Alamomin haɗari sun haɗa da tsagewa a saman tsibi, kumburi a gindinsa, da tsattsafowar ruwa mai laka.

Batun ya shafi Najeriya, inda aka gano kwal a yankin Enugu a 1909, aka fara haƙa a 1916. Akwai kuma mahaƙu a Okaba ta Jihar Kogi da Maiganga ta Jihar Gombe. Haƙa a buɗaɗɗen rami, irin na Maiganga, yana tara ɓaraguzai masu yawa, damina kuma tana jiƙa su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa masu haƙa gyara wurin da suka yi aiki. Tsibi kuwa yana buƙatar sa ido ko bayan an rufe mahaƙa, domin ruwa bai daina shigarsa ba.