Daga Bakin Igwa Zuwa Bakin Garma: Nazari a Kan Rayuwar Umrao Singh (1920–2005)

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun Umrao Singh, manomin Indiya da ya samu lambar jarumta ta Victoria Cross a yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hujjarta ita ce lambar ta ɗaga sunansa ba tare da ta sauya matsayinsa na ƙaramin manomi ba, kuma batun alawus ne ya fi fito da hakan fili.

Gabatarwa

An haifi Singh ran 21 ga Nuwamba, 1920, a ƙauyen Palra da ke jihar Haryana ta yau. Ya shiga soja a 1939, ya kai muƙamin habilda, wato saje, a rundunar igwa ta Indiya. Rukuninsa, batir ta 33, na masu igwar hawan dutse ne, wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗora wa alfadarai. A ƙarshen 1944 an haɗa su da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Nijeriya a 1943. Ke nan waɗanda igwarsa ke karewa a kwarin Kaladan su ne sojojin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, cikinsu har da waɗanda a ƙasar Hausa ake kira 'yan Boma.

Daren Kaladan

Cikin daren 15 ga Disamba, wayewar 16, Japanawa suka shafe awa ɗaya da rabi suna ruwan wuta a kan sansaninsa, sannan kamfani biyu na sojan ƙasa suka auko. Singh ya ɗauki bindigar Bren ya tare hari na farko, duk da raunin gurneti. A hari na biyu mutanensa suka ƙare, saura biyu. Da na uku ya zo harsashi ya yanke, sai ya rarumi sandar ƙarfen da ake aikin igwa da ita, ya kayar da mutum uku kafin a rufe shi da duka. Bayan awa shida aka tsince shi ranga-ranga, da munanan raunuka bakwai, gawar Japanawa goma na kewaye da shi. Igwar kuwa ba ta faɗa hannun abokan gaba ba, a ranar ma aka ci gaba da harbi da ita.

Ya kamata mai nazari ya yi hattara a nan. Kusan duk wannan bayani daga takardar shaidar lambar ya fito, kuma hafsoshi ne ke rubuta irinta domin gamsar da na sama. Mutum guda take haskawa. Waɗanda suka mutu a gefensa adadi kawai suka zama. Haka ma sojojin Afirka ta Yamma: runduna biyu suka yi yaƙin Bama, ta 81 da ta 82, amma ko soja ɗaya daga cikinsu bai samu wannan lamba ba.

Komawa gona

Sarki George na Shida ya maƙala masa lambar a Fadar Buckingham a Oktoban 1945. Ya koma aiki a sojan Indiya bayan 'yancin 1947, aka ba shi kyaftin na girmamawa a 1970. Da ya ajiye kaki, gonar gado ya koma, mai faɗin eka biyu kacal. Irin wannan fili ciyar da gida kawai yake yi, shi ma in damina ta yi kyau, don haka fansho da alawus ɗin lamba ba ƙari ba ne a wurinsa, jigo ne. Duk da haka ya ƙi sayar da lambar, ko da masu saye suka yi ta tayi.

A 1995 ya je Landan bikin cika shekara 50 da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a Turai. Can ya kai kuka ga Firayim Minista John Major cewa fam 100 a shekara da ake ba masu lambar ya daɗe bai motsa ba, alhali tsadar rayuwa ta cinye shi. A shekarar aka mayar da shi fam 1,300. Abin lura shi ne daga ƙaramin manomi koken ya fito, domin a wurinsa ne fam ɗari ke da nauyi a kasafin gida. Shekara goma ya ci moriyar ƙarin, ya rasu a asibitin soja na New Delhi ran 21 ga Nuwamba, 2005, aka ƙona gawarsa a Palra bisa al'adar Hindu, da cikakkiyar karramawar soja.